Wane tsuntsu ne mai farin gindin wutsiya da na gani a Kwalkwalawa?

Wani matashi manomi daga Sakkwato ne ya aiko da tambayar. Ya ce a tsakiyar watan Oktoba, da hantsi, yana kan hanyarsa ta zuwa gonar albasa a fadamar Kwalkwalawa, sai ya ishe wani ɗan tsuntsu tsaye bisa hoge a wata gonar gero da aka riga aka girbe. Ya ɗan fi gwara girma, jikinsa ruwan ƙasa mai haske, yana tsaye ƙyam, yana ɗan duƙawa yana kaɗa wutsiya. Kafin ya zaro waya tsuntsun ya tashi ya bi ƙasa-ƙasa, kuma abin da ya tsaya masa a rai shi ne wani fari fat da ya haska a gindin wutsiyar, da baƙi a ƙarshenta. Ya ce nan aka haife shi amma bai taɓa lura da irinsa ba. Yana son sanin ko wane tsuntsu ne, ƙanensa kuma yana cewa a ɗana masa tarko a kama a duba.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, ka ba ni abin aiki fiye da yadda kake zato. Yawancin masu kawo irin wannan tambaya launi kaɗai suke riƙowa, su ce wani ɗan tsuntsu ne ruwan ƙasa, alhali ƙananan tsuntsaye masu wannan launi a ƙasar Sakkwato suna da ɗimbin yawa. Kai kuwa ka faɗi wata, ka faɗi wuri, ka faɗi abin da ya hau da yadda ya tsaya da yadda ya tashi. Da waɗannan zan iya ce maka kai tsaye tsuntsunka ɗan dangin da masana ke kira Oenanthe ne. A cikin dangin kuma hankalina ya fi kwanciya da Oenanthe oenanthe, baƙon da ke zo mana daga Turai da Asiya kowace kaka. Dangin kam na tsaya a kansa. Takamaiman irin kuwa rinjaye ne, domin yana da 'yan'uwa aƙalla biyu da ke taka ƙasarmu, waɗanda kallo ɗaya ba ya raba su da shi. Idan ka rubuta sunan nan a intanet yadda na rubuta shi, hotunansa za su fito maka.

Tsayuwar ce ta fara nuna mini shi, tun kafin maganar farin. Tsuntsun fili ne. Yana son faƙo, da gonar da aka kwashe amfaninta, da makiyayar da dabbobi suka cinye ciyawarta har ƙasa ta fito, da inda aka yi ƙuna. Zai hau hoge, ko kunya, ko ɗan ƙaramin suri, ko dutse, ya miƙe ya turo ƙirji, ya ɗan duƙa ya ɗago da sauri, ya kaɗa wutsiya. In ya hango ƙwaro sai ya sheƙa da gudu ko ya yi 'yan tsalle biyu uku, ya cafke, ya nemi wani tudun ya hau. Shi kaɗai yake kiwonsa, ba ya garke, har ma yakan kori ɗan'uwansa in ya shigo masa wuri. Idan ka matso, ba ya cilla sama. Ƙasa-ƙasa yake bi, ya yi 'yar tazara ya sake sauka a gabanka. A wannan tashin ne wutsiyar ke buɗewa. Gindinta fari ne, rabinta na sama ma fari ne ta gefe da gefe, gashin tsakiya baƙi, sannan baƙin layi ya gitta a ƙarshe, sai zanen ya fito kamar harafin T da aka kifar. Yana sauka fukafukai su rufe farin, ya koma launin ƙasar da ya taka. Shi ya sa mutum zai yi shekara da shekaru yana wuce shi a hanyar gona bai san yana nan ba. Ga shi kuma a nan ba shi da yawan kuka, sai dai ɗan "cak" mai kauri jefi-jefi, kuma yana isowa daidai lokacin da hankalin kowa ke kan dami da rumbu.

Ina so ka san abin da ka gani, domin ba ƙaramin abu ba ne. Tsawon tsuntsun nan santimita 15 ne ko 16, nauyinsa kuma wajen giram 25. Yana yin sheƙa a ramukan duwatsu da katangun dutse da tsofaffin ramukan zomo, tun daga Ingila da Nowe da Rasha har can Alaska da arewacin Kanada. Sanyi na kunno kai a can ƙwari su ɓace, sai kusan dukkansu su nufo Afirka kudu da Sahara. A shekarar 2012 aka fitar da sakamakon wani bincike da aka ɗaura wa wasunsu 'yar na'ura mai nuna inda suka bi. Na Alaska sun ratsa Saberiya da hamadar Larabawa har Sudan da Yuganda da Kenya, tafiyar kilomita wajen 14,500 a zuwa kaɗai. Wani daga tsibirin Baffin na Kanada ya ƙetare tekun Atlantika, kimanin kilomita 3,500, kafin ya gangaro zuwa Muritaniya. Da dare suke yawancin tafiyar. Kafin su fuskanci hamada sukan ci su tara kitse, shi ne guzurinsu, da rana kuma su raɓe a inuwar dutse ko ɗan tsiro har rana ta faɗi. Wanda ka gani bisa hoge, in dai shi ne, bai daɗe da fitowa daga Sahara ba, kuma kwarin Rima na cikin wuraren farko masu ruwa da ƙwari da yake tararwa.

Ba shi kaɗai ba ne. Masana sun ƙiyasta cewa ƙananan tsuntsaye wajen biliyan 2 ne ke tasowa daga Turai zuwa Afirka kowace kaka. Daga Satumba zuwa Nuwamba ƙasar nan cike take da baƙi: tsattsewa masu dogon reshen wutsiya a kan wayar lantarki, ƙananan agwagin ruwa a tafkin Kware da madatsar Goronyo, masu dogayen ƙafafu a bakin laka, da shahunan da ke shawagi ƙasa-ƙasa bisa shinkafa. A daidai lokacin ne kuma shamuwa, wadda ta zo mana da damina, take barin sheƙarta ta yi kudu. Saboda haka duk wanda ya ce mini ya ga baƙon tsuntsu, tambayata ta farko ita ce a wane wata.

Akwai wani tarnaƙi da zai same ka da zarar ka buɗe hotuna. Yawancin hotunan Oenanthe oenanthe da ke intanet na namiji ne a lokacin aure, an ɗauke su a Turai: baya ruwan toka, baƙin zane ya ratsa ido, fukafukai baƙi wuluk. Za ka duba ka ce ai wannan ba nawa ba ne. Kada ka yi saurin yar da shi. Kafin ya baro can yakan zubar da gashi ya sake sabo, kuma sabon gashin na kaka ruwan ƙasa ne mai ɗan ja-ja a ƙirji, har namiji da tamata da 'ya'yan bana su yi kama da juna sosai. Ka nemi hotunan da aka ɗauka a Satumba ko Oktoba, ko waɗanda aka ɗauka a Afirka. Wannan sauyin riga bai tsaya kan tsuntsayen da ke zo mana daga waje ba. Zalaidu da ka gani da damina yana jan doguwar wutsiya yakan zubar da ita bayan ruwa ya ɗauke, ya koma ɗan tsuntsu mai zane-zane. Jajayen tsuntsayen nan masu baƙin ciki da ke lilo bisa karan dawa da ciyawar fadama su ma haka, ja da baƙin su tafi, su saje da matansu. Ga kuma 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe da damina, waɗanda ba su gama ɗaukar kamannin iyaye ba. A duk shekara babu lokacin da launi ke yaudarar mai kallo kamar kaka, balle in hazon hunturu ya fara sauka, ko rana tana bayan tsuntsun. Siffar jiki, da tsawon ƙafa, da kaurin baki, da ɗabi'a, su ba sa canzawa da wata.

To, 'yan'uwan nasa biyu. Na farko shi ne Oenanthe isabellina, shi ma baƙo ne, daga wajen Turkiyya da tsakiyar Asiya, kuma yana son busasshen fili irin namu. Shi ne ya fi ba da wahala. Ya ɗan fi girma, ƙafafunsa sun fi tsawo, yana tsayawa a miƙe sosai har ka ga kamar zai faɗi ta baya. Jikinsa ya fi kodewa, launin rairayi, kuma fukafukansa kusan launi ɗaya ne da bayansa, sai wani ɗan baƙin gashi guda a gaban fiffiken da ke fitowa fili. Oenanthe oenanthe kuwa fukafukansa sun fi bayansa duhu a bayyane. Wutsiya ma tana rabawa: a isabellina baƙin ƙarshen yana da faɗi, ya cinye kusan rabin wutsiyar, ƙafar T ɗin gajeriya ce, a oenanthe baƙin siriri ne, farin ya fi yawa, T ɗin ya fito sosai. Yadda ka ce farin ne ya fi ɗaukar idonka, shi ya ƙara karkatar da ni ga oenanthe, amma ka san tsuntsun da ke tashi ba ya ba mutum damar auna faɗin baƙi. Akwai kuma farar girar da ke saman ido. A oenanthe ta fi haske a bayan ido, a isabellina ta fi haske tsakanin ido da baki. Wannan sai an samu kusanci ko hoto.

Na biyu, Oenanthe heuglinii, ɗan Afirka ne, ba ya ƙetare hamada. Ya fi su ƙanƙanta, bayansa ruwan ƙasa ne mai duhu, ƙirjinsa ja-ja kamar jar ƙasa, farin wutsiyarsa kaɗan ne, kuma yana matuƙar son inda aka yi ƙuna. Da ka ce naka mai haske ne, sai na ajiye wannan a baya.

Akwai wasu uku da nake so ka fitar daga lissafi da kanka, tunda kai ka gani da idonka. Idan tsuntsun a kan tsinin kara ko dogon haki ya tsaya, bayansa da ɗigo-ɗigon baƙi, girarsa fara ƙal, wutsiyarsa gajeriya mai ɗan fari a gefe kawai, to Saxicola rubetra ne, wanda ke ratsa mu ya wuce wajen Jos da tsakiyar ƙasa. Idan a saman magarya ko bagaruwa ya zauna, kansa babba, ƙeyarsa ja, bakinsa da ɗan ƙugiya, ga farin faci a kafaɗa, to Lanius senator ne. Shi ma gindin wutsiyarsa fari ne, shi ya sa na kawo shi. Idan kuwa tafiya yake yi a tsakanin ƙafafun shanu, tare da 'yan'uwansa da yawa, wutsiya doguwa tana sama tana ƙasa, cikinsa da ɗan rawaya, wannan Motacilla flava ne, wanda ya cika fadamun Rima da rani. Bayaninka bai hau kan ko ɗaya cikinsu ba, amma ka sake tunawa da kyau.

Batun tarko, ka ce wa ƙanenka ya bari, don Allah. Tsuntsun da ya ƙetaro hamada ya iso ne da ƙarfinsa a ƙare, riƙo kaɗan a hannun wanda bai saba ba yana iya kashe shi. Kuma ba abokin gabar manomi ba ne. Ba ya taɓa zangarniya; tururuwa da gara da fara da tsutsa yake ci. Dubi bakinsa siriri, ka gwada da guntun baki mai kauri na janbaki da ke faɗa wa shinkafa da gero, za ka gane abincinsu ba ɗaya ba ne. Na san yara da danƙo ba sa tambayar wannan, shi ya sa ya kamata babba ya nuna musu.

Akwai hanyar da ta fi tarko sauƙi: ka koma wurin. Irin wannan tsuntsu in ya samu fili ya yi masa, yakan kama shi ya zauna makonni ko watanni, kullum a kan 'yan tudun nan dai. Mai yiwuwa ne naka mai wucewa ne, ya huta kwana biyu ya ƙara gaba, tunda Oktoba lokacin wucewa ne. Ko da haka ne, gonar da ta jawo ɗaya za ta jawo wani. Ka je da sassafe kafin rana ta yi zafi, ka sa rana a bayanka, ka tsaya daga nesa ka bi kan kunyoyi da ido a hankali. In ka gan shi kada ka nufe shi kai tsaye. Ka yi kamar wucewa za ka yi ta gefe, kana ɗan matsowa, in ya fara duƙawa da sauri ka tsaya cik. Zama ma ya fi tsayuwa. Kada ka fara da waya. Ka ba idonka minti ɗaya tukuna, ka duba fiffike da baya ko launinsu ɗaya, ka duba girar, ka duba tsawon ƙafa. Bayan nan ka ɗauki bidiyo maimakon hoto, ka bar shi yana ɗauka har tsuntsun ya tashi, domin a bidiyo za ka iya tsayar da daidai inda wutsiyar ta buɗe.

Abin da nake roƙon duk mai sha'awar wannan harka ya saba da shi kuwa shi ne rubutu nan take, kafin a buɗe littafi ko waya. Ƙwaƙwalwa tana da saurin karɓar aro. Ka kalli hotuna goma, sai ka rantse ka ga baƙin zane a idon tsuntsunka alhali a hoto ka gan shi. Ka rubuta kwanan wata da lokaci da wuri. Ka auna girmansa da tsuntsun da ka sani, gwara ko kurciya ko hazbiya ko hankaka. Ka faɗi bakin, siriri ne ko mai kauri, miƙaƙƙe ko lanƙwasasshe. Ka faɗi abin da yake yi da wanda yake tare da shi. Abin da idonka bai kai gare shi ba ka rubuta cewa ba ka gani ba, kada ka cike gurbin da zato. Ko zanen banza ka yi a bayan takarda, ka sa kibiya inda fari yake da inda baƙi yake, ya fi dogon bayani bayan kwana uku. In rubutu zai yi maka wuya a gona, ka naɗi muryarka a waya.

Manhajar Merlin mai gane tsuntsaye tana taimakawa in kana da hoto, kyauta ce, sai dai ka tabbata ka saukar da kundin tsuntsayen yankinmu kuma ka sa mata wuri da wata daidai. Abin da ta ba ka shawara ce, ka gwada da abin da ka rubuta. A kan waɗannan 'yan'uwa masu kama da juna takan yi kuskure, musamman in hoton daga nesa ne. Kada kuma ka raina dattawan ƙauye. Makiyayi da ya yi rayuwarsa a fili ya san watan da tsuntsu kaza ke bayyana da irin wurin da yake so, kuma masunta a Rima sun san tsuntsayen ruwa masu zuwa baƙunta sarai. Suna ɗaya a wurinsu kan haɗa iri biyu ko uku, amma labarin ɗabi'ar da za su ba ka sahihi ne.

Ganin naka yana da amfani har ga masu bincike. Nijeriya tana da nau'in tsuntsaye sama da 900, kuma yankinmu na arewa maso yamma na cikin inda masu rubuta abin da suka gani suka yi ƙaranci. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, inda mutanen gari ke aika sunayen abin da suka gani a yankinsu, haka ma dandalin eBird yana karɓa. Sharaɗin kawai kada a aika abin da ba a tabbatar ba. A naka, yau, abin da za a rubuta shi ne dangin Oenanthe, a bar irin sai an sake gani. Wannan rubutu ne ingantacce, kuma masana ma haka suke yi kullum. In kuma wata rana kai ko wani maharbi kuka tsinci tsuntsu da zoben ƙarfe a ƙafa, ku kwafe lambar da adireshin da ke jiki duka, da rana da wuri, a aika. Ta haka aka gano yawancin hanyoyin da suke bi.

Idan sha'awar ta kama ka har ka sayi madubin hangen nesa, mai lamba 8x42 ya ishe ka. Amma ka san halin da ake ciki na tsaro: baƙon mutum yana leƙe-leƙe da madubi a bakin ƙauye abin zargi ne. Ka yi sallama da mai gona, ka sanar da mai unguwa abin da ya kawo ka, kuma ka bar wuraren da ba lafiya komai yawan tsuntsayensu. Kwalkwalawa da Dundaye da Wamakko kaɗai sun ishe ka aikin rani guda. Ka riƙa duba gawo da aduwa da bagaruwa. A irin waɗannan itatuwa masu ƙaya ƙananan baƙi ke taruwa saboda ƙwari, dogon yaro kuwa da wuya ka same su a cikinsa.

In tsuntsun ya zauna a gonar har ƙarshen hunturu, aikin zai zo maka da sauƙi. Wajen Fabrairu zuwa Maris namijin oenanthe yakan fara komawa ruwan toka a baya, baƙin idon ya fito, kafin su tashi arewa a Maris da Afrilu, shi kuwa isabellina yana nan da launin rairayinsa. Kafin lokacin, in ka samu bidiyon ka aiko mini da shi tare da rana da wurin. Abu biyu nake bukata a ciki: tsuntsun a tsaye ta gefe yadda fiffike da baya za su fito tare, da wutsiyar a buɗe ta baya sa'ad da ya tashi.